Gashin Aina'u daidai jikinta

A ƙauyukan gefen Tsanyawa, in aka ce man gyaɗa, Aina'u matar Malam Iliyasu ake nufi. Tun tana yarinya take suya da matsa, ta aurar da 'ya'ya huɗu da wannan sana'a, kuma ranar kasuwa muryarta kan riga tallanta isa. Da jini ya ƙi tsaya mata bayan ta daina al'ada, sai da ta shekara tana ɓoyewa. A asibitin birni aka ce sankarar bakin mahaifa ce.

Bayan gashin waje, wato gasa ciwon da hasken na'ura, aka zo kan na ciki: a sa siririn bututu har wurin ciwon, ƙwaya mai haske ta bi ta ciki ta ƙone shi, sannan a cire. A ɗakin jira ta yi ƙawa, Rachael, wadda ake kira Maman Glory, manomiya daga Makoda, mai irin ciwonta. Nan fa aka samu matsala, domin Aina'u ta lura Rachael ta fi ta daɗewa a ɗakin na'ura.

"Maman Glory, ke ana gasa ki sosai, ni ana ɗan ɗumama ni kamar tuwon jiya!"

"To ki roƙi ƙari mana, uwar son banza," in ji Rachael tana dariya.

Aina'u ba ta yi dariya ba. A garinsu, mara lafiyar da aka rage wa magani, an fid da rai da shi ne. Ta ɗaure kayanta, ta ce wa Malam Iliyasu gida za ta, ba za ta ƙarasa ba.

Likita Ummukulthum ta tare ta a baranda, ta kai ta gaban hoton cikinta.

"Inna, ga ciwon, ya ja baya ƙwarai. Ga mafitsara, ga hanji, dab da shi. Duk zuwanki sai mun sake ɗaukar hoto mun auna. In na ba ki gashin wata, na ƙona miki lafiyayyen wuri. Ke ƙananan gyaɗa da manya, wuta ɗaya kike ba su?"

"Haba 'yar nan! Ai sai ƙananan su ƙone!" Ta matso, ta ƙura wa hoton ido. "Wato wannan nawa ne ni kaɗai? Don ni aka auna?"

Da sauri ta koma ɗakin jira, mayafi na zamewa. "Maman Glory! Ashe nawa ɗinkin tela ne, ba gwanjo ba!"

Ta ƙarasa gashinta. 'Yar mai wannan rubutu ba ta kai wannan mataki ba. Ita ma irin ciwon ne, amma an gano nata a makare.

Bana da kaka Aina'u ta koma gaban kaskonta. Duk matar da ta zo sayen mai, sai ta riƙe kwalbar tukuna: "Kin je an duba ki kuwa?"