Guɗar da Muka Yi wa Hajjo

Har gobe ban manta da Talatar da muka yi wa Hajjo guɗa a bakin asibiti ba. Tunda na ji ku ma an sa sunanku a kwas ɗin nan na waya, ku matso ku saurara.

A lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani ɗan asibitin karkara a ƙasar Gwandu, can wajen Masama. Mu biyu ne kawai, ni da incaji, wato shugaban asibitin, Malam Sanusi. Aikina kula da yara masu tamowa. Ga wanda bai sani ba, akwai ɗan ma'auni mai launi uku da muke zagaya wa yaro a damtse. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa yaro yana cikin haɗari. Wanda ya faɗa ja, sai a ba uwarsa abincin gyaɗa na leda wanda zai yi masa mako guda, ta dawo kowace Talata a auna shi a ƙara mata, har ya warke. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, da uwa ta ga yaro ya fara wasa sai ta ɗauke ƙafa. In ta sake dawowa, ya fi da lalacewa.

Gab da damina wata ƙungiya ta sa mu a kwas ta intanet, a kan dabarar mayar da aiki kamar wasa don kada mutane su gaji su bari. A ba mutum maki, ya hau mataki, ya sami lambar yabo. Ƙauyen babu sabis, sai ƙarshen mako in na koma gida Kalgo nake zama a tsakar gida in kalli darasi in amsa tambayoyi. In na ci, waya ta yi ƙara ta ba ni tauraro. Wallahi ni kaina abin ya kama ni! Uwar 'ya'ya uku, ina tsalle don tauraron da ba ya ciyuwa. Maigidana ya ce, "Rabi, in kin tara su da yawa ki sa mana a miya."

Aka ce kowa ya ƙirƙiri wasa a wurin aikinsa. Matanmu ba karatu, ba waya, don haka na sayo duwatsun ado da zare a kasuwar Gwandu. Duk Talatar da uwa ta kawo ɗanta, in zura mata dutse ɗaya, har zaren ya cika. Kada wani ya ce muku dabarar ba ta aiki, ta yi aiki. Mata suka riƙa ɗaura zaren a hannu suna gwada wa juna, wadda ta yi fashi a yi mata tsiya. Benci ya cika.

Hajjo Bafulatana ce daga wata ruga a bayan fadama, yarinya ce, da ɗanta na fari a goye. Ranar da ta fara zuwa na tambayi sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Ƙanwar mijinta ce ta ce, "Dikko." Ja ne sosai, hannunsa kamar kara. Kullum sai ta gama tallan nono take shigowa, a ƙarshen layi, ta ce, "Kakarsa ta ce in biyo da shi." Ba ta taɓa fashi ba. Ita kaɗai ce ba ta ɗaura zarenta a hannu, a haɓar zani take ƙulle shi. Dikko ya tashi daga ja ya shiga rawaya, har ya fara kama mini ɗankwali in ina auna shi.

Darasin ƙarshe ya ce a karrama gwani a gaban jama'a, a ɗauki bidiyo a tura. Malam Sanusi ya ce, "Malama Rabi, a yi shi a bakin asibiti, tunda Talata kasuwa ke ci. Kowa ya gani ya yi koyi." Na ce madalla. Na sayo sabon majanyi. Shi kuma ya ari lasifika, ya tsaya ya ce, "Jama'a, ga Hajjo uwar Dikko! Duk yankin nan ba uwar da ta kai ta son ɗanta da kula da shi!" Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na ɗaura mata majanyin da hannuna. Ta rufe fuska. Muka yi dariya, muka ce kunyar Fulani ce. Matan rugarsu suna zaune a gefe da ƙoren nononsu, ba wadda ta yi dariya a cikinsu.

Talata ta zagayo, Hajjo ba ta zo ba. Wata ta sake zagayowa, shiru. Ruwa ya cika fadama, babur ba ya ƙetarawa. Na je wurin masu nono na tambaye su. Wata ta taɓe baki ta ce, "Uwar Dikko? Tana gida tana son ɗanta." Sauran suka tuntsire da dariya.

Ku 'yan birni wataƙila sai na yi muku bayani. A ruga, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yarda a ce tana sonsa. Kakata ma har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Mun san al'adar sarai, ni da Malam Sanusi, amma a gari ta yi sanyi, kuma bidiyon ya cika mana ido.

Da ruwa ya ja, na ɗauki ɗan kabu-kabu na tafi rugar. Surukar Hajjo ta tare ni a bakin bukka, ko tabarma ba ta ba ni ba. Ta ce, "Ke ce Malamar? Kun sa mu a bakin duniya. A rijiya waƙa ake yi mata, an ce mun auro maras kunya."

Na ce, "Inna, a yi mana haƙuri. Ina yaron?"

"Yana wurina. Ta miƙo mini shi tun ranar, ta ce ba ta ƙara goya shi."

Ta fito da shi. Inna lillahi! Ƙafafunsa sun kumbura, gudawa ta tsotse shi, ko kuka ba ya iya yi. Tsohuwar ba muguwa ba ce, nono da jiƙo take ta ba shi, iya abin da ta sani ke nan. Ma'auni ya koma ja. Na ce sai babban asibiti yanzu-yanzu. Ta hau babur da shi, na bi su a wani. Hajjo tana tsaye can nesa tana wanke ƙwarya, ba ta ɗago kai ba. Washegari da hantsi Dikko ya cika a Gwandu.

Na koma gaisuwa. Hajjo ba ta cikin masu zaman makoki, tana bayan bukka tana kaɗa nono, idonta a bushe. Na ce, "Hajjo, ya haƙuri?" Ta ce, "Malama, ki yi wa Inna gaisuwa, ita ta yi rashi." Da zan tafi ta biyo ni kamar za ta ɗebo itace. Sai da muka yi nisa da mutane ta kwance haɓar zaninta, ta sa mini zaren a tafin hannu. Ta ce, "Saura kaɗan ya cika, ko?" Na dubi zaren. Ta ce, "Da kun bar ni ina zuwa abina, da na cika shi." Ta juya ta fara tsintar itace, don kada a ga ta dawo hannu wofi.

A ƙarshen wannan makon ne, ina isa Kalgo, waya ta yi ƙara. Bidiyonmu ya sami yabo, an ba ni tauraron zinariya da takardar kammalawa. Na kife wayar na shiga ɗaki na yi kukan da Hajjo ba ta da damar yi.

To, ku je ku yi kwas ɗinku, akwai amfani a ciki. Har yau ina ba da duwatsu, amma a cikin ɗaki, daga hannuna zuwa hannun uwa, kuma lasifika ba ta sake shigowa aikina ba. Abin da na koya shi ne, kafin ku yaba wa mutum a gaban jama'a, ku tambaya wa ke kallo, da kuma gidan da zai koma da yabon. Masu koyar da mu ta waya ba su san rugar ba, mu ne muka san ta. Zaren Hajjo yana nan a aljihun rigar aikina, kuma duk ranar da na ji bakina yana ƙaiƙayin guɗa, sai in taɓa shi in yi shiru.