Duna Ya Koma Gidan Ilu

Na yi fito har bakina ya gaji, Duna bai ko waiwayo ba. Ilu maƙwabcina ya yi gyaran murya kawai, kare ya miƙe ya bi shi.

Duna fa nawa ne. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ruwa ya ɗauke, fara ta sauka kan ɗan geron da ya rage, aka yi feshi. Uwarsa ta ci farar da maganin ya kashe, alhali tana shayarwa. 'Yan kwikwiyon suka riƙa mutuwa a bakin nono. Likitan dabbobi ya ce in raba na ƙarshen da ita.

A lokacin karyar Ilu ma ta haihu. Ya goga wa Duna tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai, ta sunsuna shi, ta karɓe shi.

Yanzu daga Matameye har Tsauni babu karen farauta kamarsa. Ni nake ci da shi, amma zomon da ya kamo jiya ƙofar Ilu ya kai.

Na ce, "Ilu, kana janye min kare da abinci."

Ya ce, "Wallahi ko ƙanzo ban taɓa ba shi ba. Wurin uwarsa yake zuwa."

"Uwarsa tana gidana."

"To, je ka faɗa masa."

Uwar ta warke, amma ba ta sake ɗaukar ciki ba. Ni da ita muke zama a ƙofar gida muna kallonsa yana wucewa.

Ku gaya min tsakani da Allah, zomon nan na waye?