Kogin da Na Yi Wanka a Girka

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana bayan an gama shuka, ba na gida. Kwalejin da nake koyarwa ta tura ni ɗan gajeren kwas na noman rani a wani tsibiri na ƙasar Girka. Gonakinmu na gado suna ƙauyenmu kusa da Tsanyawa, a hannun Yaya. Shi ne babba a ɗakinmu. Da Baba ya rasu, shi ya ajiye karatu ya kama noma, ni kuma na wuce makaranta.

Wata Asabar masu kula da mu suka ce za su kai mu shan iska. Mota ta sauke mu a kan tsauni, muka gangara da ƙafa. Can ƙasa sai ga kogi ya fito daga tsakanin duwatsu, ruwansa garau, kana ganin tsakuwar ƙasansa. Itatuwa irin na dabino sun yi masa rumfa hagu da dama. Ya ratsa rairayi a hankali ya faɗa teku.

Na cire takalmi da niyyar jiƙa ƙafa kawai. Kafin in ankara na shiga har wuya da rigata, ina ta facal-facal kamar lokacin da muke yara a kududdufin bayan gari. Sanyin ya ratsa ni har ƙashi. Gaskiya na ji daɗi, kuma ban tuna da kowa ba.

Ina fitowa na tarar waya tana ruri a cikin jaka. Yaya ne, kiran bidiyo. Yana tsaye a gonarmu ta tudu, hularsa ta jiƙe da gumi. A bayansa na hango gero ya nannaɗe ganye, ƙasa ta yi fari fat.

"Malam, ya baƙunta?" Haka yake kirana tun da na fara koyarwa.

"Alhamdu lillahi, Yaya. Ya ruwa?"

"Sai addu'a. Jiya ma mun fita roƙo. Kai kuma me ya jiƙa ka haka? Can an samu ne?"

Na ce a'a, kogi ne. Ya ce in juya wayar ya gani. Na juya. Ya ƙura wa kogin ido.

"Wannan ruwan na sha ne ko mai gishiri?"

"Na sha ne."

"To ina ya nufa?"

"Teku yake shiga."

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ba wanda ya sa ko albasa a gefensa?"

Na ce wurin na baƙi ne masu zuwa hutawa. Ya gyaɗa kai, ya yi 'yar dariya, ba ta baƙin ciki ba. "To ka kyauta da ka shiga. Koma ka ƙara, ka yi har da nawa."

Da faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi. Ban koma ruwan ba. Na zauna a inuwar dabinon nan ina kallon mutane suna iyo, rigata tana bushewa a jikina. Abokan tafiya suka miƙo mini burodi da zaitun, na karɓa na riƙe, na kasa ci. Na san ba ni na hana ruwa sauka a garinmu ba, amma sanin bai rage mini komai ba.

Ruwa ya sauka kafin in dawo, sai dai geron tudu ya riga ya ƙone. Yaya ya sake shuka wurin da wake. Ran da na iso, maƙwabta suka taru a zaure yi mini barka da zuwa. Na so a bar zancen tafiyar, amma Yaya ya karɓi wayata yana nuna musu hotunan da abokan tafiya suka ɗauke ni, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ƙanena ne wannan a cikin ruwan, ku duba da kyau." Ni dai kaina na ƙasa.

Washegari da sassafe na ɗauki fartanya na bi shi gonar waken. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo. Ya duba, ya karɓe fartanyar, ya ce in je in taya Inna ɗaure awaki.