Namijin Dabinon da Na Sayar wa Iya Hansai

Ni ɗan lambu ne daga wani ƙauye kusa da Gagarawa. Karatuna bai wuce allo ba, kuma tun ina yaro ba na son nisa da gida. A bar ni da garkar babana, in rene dashen lemun tsami da lalle da barkono, in yi ta hira da duk wanda ya leƙo, shi ke nan na ƙoshi. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba.

Abin ya faro daga ƙarami. Wata shekara saiwar lemuna ta ruɓe. Maimakon in zubar, sai na dunƙule gindin da jiƙaƙƙiyar laka na kai kasuwar Gumel. Ya ƙare tas. Na yi ta zullumi, amma ko mutum ɗaya bai dawo ba. Kowa ya ɗauka hannunsa ne ba shi da albarka. Wannan shirun nasu shi ya lalata ni.

Haka na yi da lalle ma, daga nan na koma dabino. Ku yara, dabino akwai mace akwai namiji, kuma yana ƙarami ba ka bambancewa. Namijin ba ya 'ya'ya, masu gonaki kyauta suke ba ka 'yan tsiron gindinsa. Sai in kwasa in kai Maigatari, in ce mata ne, daga Damagaram aka kawo.

A nan Iya Hansai ta same ni, wata dattijuwa daga wajen Sule Tankarkar. Mijinta ya rasu, tana so ta dasa dabino a bakin hanya, duk wanda ya tsinka ya ci ladan ya kai masa.

Ta ce, "Ɗan nan, mata ne dai ko?"

Na ce, "Haba Iya! Uwarsu ma na san ta, reshenta har ƙasa yake taɓowa."

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai bakinka ya fi dabinon zaƙi." Ta sa mini albarka, na karɓa ko kunya babu.

Kun san zurfin rijiyoyin ƙasarmu. Shekara da shekaru matar nan tana jan guga tana ba su ruwa, tana kare su da ƙaya saboda awaki. Da suka isa, sai suka yi fure mai gari, babu ko ɗa ɗaya.

Ina zaune a kasuwa ina zuba wa wani surutu, sai na ga an ajiye furen a kan tabarmata. Na ɗaga kai, ita ce, ta ranƙwafa.

Na ce, "Iya, wataƙila ƙasar ce."

Ta ce, "Ƙasa ce ta mai da su maza? Ba kuɗina na zo karɓa ba. Maigidana yana kabari yana jiran sadakarsa, kai ka tare ta."

Ta wuce wurin sarkin kasuwa. Da mutane suka ga tsohuwa ta yi magana, sai ga masu lemo, sai ga masu lalle, kowa da nasa. Dogarai suka kai ni gaban alƙali a Gumel, ya ɗaure ni. Na sha marin ƙarfe a ƙafa da ɗaukar ƙasa, amma maganarta ta fi su nauyi.

Da aka sake ni, na nemo macen dabino ta gaskiya, na cire daga gindin uwarta da hannuna, na kai mata. Ta dube ta ta ce, "Hannuna ya daina jan guga. Dasa, kai za ka ba ta ruwa." Na dasa, na yi ta zuwa. Iya ta rasu kafin ta yi 'ya'ya, kuma ban taɓa jin ta ce ta yafe ba. Na tuba ga Allah, haƙƙinta kuwa yana nan a wuyana.

To, 'ya'yana, in za ku sayi dashe, ku ce a nuna muku uwarsa, ku buɗe lakar ku ga saiwa, ku saya a gaban shaida. In an cuce ku, kada ku ji kunya, ku je wurin sarkin kasuwa. Da an kai ƙarata tun ranar lemo, da Iya ta ci dabinonta. In kuma ku ne masu sayarwa, ku sani kuɗi ana biya, shekarun mutum kuwa ba ku da abin da za ku mayar masa da su.