Injin da ya sha mai, da itacen da Yaya Haruna ya bari

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Haruna, wanda mutanen Balan suka fi sani da Haruna Mai Kashe Inji. Bai cancanci wannan suna ba, ni na jawo masa shi. Na daɗe ina so in faɗi haka inda jama'a za su ji, nauyin baki yana hana ni. Makon jiya na sayi sabon injin yankan itace, na ja igiyarsa, ya yi tari ɗaya ya yi shiru, warin fetur ya bugi hancina. Nan na tsuguna a gabansa, na ce wa raina lokaci ya yi.

Yaya manomi ne, gero da gyaɗa, kamar mahaifinmu. Amma akwai aikin da ya ɗora wa kansa tun yana saurayi. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san ba a tura ƙasa a kabari sai an jera itace a kan ƙaramin ramin da aka kwantar da mamaci, an toshe kafofi da laka. To, da zarar an yi rasuwa, masu haƙa suna haƙa, shi kuma yana kan darbejiyar bakin maƙabarta da gatarinsa, yana zaɓen rassa masu kaurin damtse. Kafin makara ta iso ya gama. Ba a taɓa jiran sa ba.

Shekarar da gyaɗa ta yi mini kyau na shiga Kano na sayo injina na farko. Mai shagon ya tayar mini da shi, ya yi bayani da sauri, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar na gane. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni kunyar tambaya na ji. Da na dawo gida na miƙa wa Yaya galan na ce ya haɗa mini fetur da man inji, domin hannunsa ya fi nawa iya awo. Ya haɗa ya ajiye.

Washegari da safe Gwaggo Hansai, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta cika. Na bi majalisa ina cewa kada kowa ya wahalar da kansa da gatari, yau inji zai yi aiki. Har Yaya na sa ya jingine nasa a zaure. Ba don Gwaggo Hansai na yi ba, Allah ya yafe mini. So nake a gani.

Lokacin bazara ne, rana ta fito da ƙarfinta. Na rufe cok, wato ɗan maɓallin da ke rage iska don mai ya shiga da yawa, na ja igiya. Inji ya yi tari. Ashe wannan tarin shi ne yake ce mini ya samu abin da yake so, in buɗe cok ɗin. Ban sani ba. Na ci gaba da ja, ina ƙara danna 'yar robar da ke turo mai, ina tsammanin yunwa yake ji. Tun yana tari har ya daina. Kafaɗata ta yi tsami, gumi ya jiƙa rigata. Masu haƙa suka gama suka fito. Aka iso da makara, aka ajiye ta a inuwa, 'ya'yan marigayiya suna tsaye suna jira. Can baya wani ya ce, "Sule, ko injin naka ma ta'aziyya ya zo yi?"

Yaya ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Ina jin warin fetur, Sule. Ko za ka bar shi ya huta?"

Ni kuwa na ɗaga tawa muryar yadda kowa zai ji. "Ai kai ka kashe shi! Ka cika masa baƙin mai jiya. Hannunka gatari ya sani, ina ruwansa da inji?"

Ya dube ni, ya ce, "To, yi haƙuri." Ya tattare rigarsa ya ruga gida da gudu, mutum mai furfura a gemu, ya dawo da gatari. Kafin ya gama sara rana ta take tsaka, liman ya ce a dakata har ta gota. Haka baiwar Allah ta kwanta tana jira saboda ni.

Da na kai injin Gaya wurin Ɗanliti bakanike, bai daɗe ba ya kwance fulogi, wato abin da ke ba inji wuta, ya nuna mini, jiƙe sharkaf. Ya zuba man a tafin hannu ya duba. "Wanda ya haɗa man nan ya iya," in ji shi. "Kai ne ka ɗura masa. Ya ce ya ƙoshi, kana ta tura masa loma." Ya koya mini abin da na ƙi tambaya a Kano. In inji ya yi sanyi a rufe cok, da ya yi tarin farko a buɗe. In kuwa ya riga ya sha mai, a ajiye shi a ƙasa, a buɗe cok, a cire fulogi a shanya, a ja igiya haka nan don man da ya taru ya fita, a ba shi lokaci, sannan a mayar. Yana mayarwa, ja biyu ya tashi.

Na dawo Balan da inji yana ruri, aka tambaye ni me ya same shi. Na ce an wanke shi an sake masa mai. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da mutane za su fahimta, kuma na bar su a kai. Laifi tudu ne, na taka nawa na nuna na ɗan'uwana. Daga ranar sunan ya bi shi. In ya jingina da babur ɗin wani a kasuwar Ajingi sai a ce, "Haruna, matsa, gida nake son komawa." Masu injin ban ruwa ba sa bari ya taɓa. Yakan yi dariya ya ɗaga hannuwa sama ya ja baya. Ni ma ina cikin masu dariyar.

Sau ɗaya na kusa faɗa masa. Na goyo shi a babur daga Ajingi, na ce, "Yaya, maganar injin nan tun ta ranar Gwaggo Hansai..." Ya ɗan bugi kafaɗata. "Duba hanya, ga rami can." Na kauce wa ramin, na kuma kauce wa maganar. Har yau ina zargin ya sani, ya dai hutar da ni ne.

Abin da Yaya ya yi bayan jana'izar Gwaggo Hansai bai yi shawara da kowa ba. Ya daina jiran a yi rasuwa. In ya samu sarari ya sari rassa, ya yanka daidai faɗin kabari, ya jera a gindin tsamiyar maƙabarta ya rufe da kara. Bai taɓa cewa don me ba, ni kuma na san don me.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Injin da a lokacin nawa ne kaɗai a unguwarmu, yanzu ba ranar da ba ka jin kukansa daga wata gona. Kanya da ɗorawa da gawon da muka yi kiwo a ƙarƙashinsu sun zama buhunan gawayi a bakin titi, kuma da hannuna a ciki, ba zan ɓoye ba. Shi reshe yake ɗauka ya bar uwar, baɗi ya dawo ya tarar ta sake tofo. Ba mai wa'azi ba ne. Ina jin tsayawa zai yi a kan kututture ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye mu, in mun gama da su, da me za a rufe mu.

Ranar da ya rasu, bayan gajeriyar jinya cikin damina, na ɗauki inji na riga kowa zuwa maƙabarta. Na ce ko wannan in yi masa. Hankalina ba ya jikina, inji ya yi tarinsa ban ji ba. Na ja, na ja, sai ga warin nan. Na sake kai hannu ga igiya. Baba Ilu, dattijon da ke jagorantar masu haƙa, ya dafa ni ya ce, "Ajiye, Sule. Mai shi ya riga ka." Ya yaye karan gindin tsamiya. Da itacen da Yaya ya sara da gatarinsa, don wanda bai san ko wane ne ba, da shi aka rufe shi. Bai jira kowa ba.

Shi ya sa makon jiya, da sabon injin ya sha mai, ban yi faɗa da shi ba. Laifina ne, ɗoki ya sa na wuce tarin farko. Na cire fulogi na ɗora a kan hulata a rana, na zauna. An ce sauri ya haifi nawa. A zaman nan na shanya fulogi na tuna duk abin da na rubuta a nan. Da ya tashi, aikinsa na farko rassan darbejiya ne, na kai gindin tsamiya.

Yaya bai bar gidan siminti ba, gonarsa ma an raba. Abin da ya bari tarin itace ne da ba a rubuta sunan kowa a kai ba, wanda yanzu matasan unguwa ke ƙarawa ba tare da an sa su ba. Tun daga Gwaggo Hansai ba a sake ajiye makara ana jiran itace a wurinmu ba. Allah ya sa wannan a mizaninsa, ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa.

Roƙona ga mutanen Balan da Gaya da abokan cinikinsa na Ajingi ɗaya ne. In za ku ambace shi, ku ce Haruna kawai, ku yi masa addu'a. Bai taɓa kashe injin kowa ba. In kuwa sunan ya yi muku daɗin da ba za ku iya barin sa ba, mai shi yana nan da rai. Ku kira, zan amsa.