Man Shanun Yamusa Bai Yi Ƙarya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1974, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Yamusa Orozo. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da na'urar sanyaya ɗaki a tashar binciken dabbobi da jami'a ta gina a Lugbe. Ni Dallatu, akawun tashar, ni ke wannan rubutu, kuma raina a ɓace yake.

Malam Yamusa, amanar da aka ba ka ɗaya ce: ɗakin da ake ajiye maganin rigakafin shanu kada ya yi ɗumi. Kullum da safe ka zuba wa injin mai, ka goge masa ƙura, ka kasa kunne ko kukansa ya sake. Fulanin da ke zuwa allura ba su taɓa komawa da ƙishi ba, tulunka na bakin ƙofa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da matata, kai ka kai ta wurin likita a kekenka, ka dawo aiki ko karyawa ba ka yi ba.

A bangon ɗakin akwai ma'aunin sanyi mai hannu kamar agogo, amma ba ka yarda da shi shi kaɗai ba. Ka ajiye ɗan ƙoƙon man shanu a kan kanta, kowace safiya ka danna shi da yatsa. In ya yi tauri, lafiya. In yatsa ya nutse, da magana. Mun sha yi maka dariya, har da ni.

Bara da bazara yatsa ya nutse, hannun ma'auni kuwa yana nan inda yake. Sau uku kana zuwa wurin shugaban tashar, Oga Jacob, kana cewa, “Oga, ɗakin nan ba sanyi, man shanu ya saki.” A na ukun ya daka maka tsawa: “Jami'a ta sayo ma'auni daga ƙasar waje, kai kana kawo mini ƙoƙon kakarka?” Haka aka tsira wa shanu lalataccen magani. Da damina ciwon huhu ya shigo, Hammadu, wanda rugarsa ke bayan tashar, ya rasa shanu arba'in.

Da aka tashi neman mai laifi, wa aka gani? Kai. Takardar korarka ta ce kana barin injin ka tafi gona. Ƙarya ce, wallahi ƙarya ce! Bayan wata guda makanikan jami'a suka buɗe ma'aunin, suka tarar zanzaro ya yi gini a ciki ya danne hannun. Suka sa sabo a ɓoye, suka kama bakinsu. Ba wanda ya taka zuwa garinku Orozo ya ce maka ka yi haƙuri, kai kuwa a kasuwa ana nuna ka da baki ana cewa ga mai kashe shanu. Sai da aka binne ka suka aiko mota da buhun shinkafa. Tir! Shinkafa ce za ta wanke sunan mutum? Madalla da matarka Hansatu da ta ce a mayar musu da abinsu.

Amma ba su kaɗai nake fushi da su ba. Teburina na bakin ofishin Oga, duk zuwanka ukun nan a kunnena ne. Kuma ni na buga takardar. Da na miƙa maka, cewa ka yi, “Dallatu, ai ka ji na faɗa.” Na sunkuyar da kai don tsoron rasa aiki. Kullum ina cewa gobe zan zo Orozo, har gobe ta ƙare.

Jiya na je rugar Hammadu na faɗa masa komai a gaban mutanensa. Yau na rubuta da sunana, a kore ni in an ga dama.

Allah ya jiƙanka, Malam Yamusa, ya sanyaya makwancinka, ya bi maka haƙƙinka. Allah ya ba Hansatu da mutanen Orozo haƙuri. Ke kuma Asibi, 'yarsa, duk wanda ya sake kiran mahaifinki mai kashe shanu, ki turo shi wurina. Gafarar da ban nema wurinsa ba, ina nema a wurinki.