Jakar da Ta Yi Nauyi a Hanyar Bunkure

Wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin duba kanal ɗin ban-ruwa kafin noman rani, aka ce in bi shi a ƙasa daga wajen Kura har Bunkure, kwana uku, ina rubuta duk inda siminti ya tsage.

Ni kuwa na tsani kaya. Na sayi jakar goyo ta gwanjo marar nauyi, na bar risho a gida saboda kananzir, na ɗauki ɗan murhun gas wanda bai fi gwangwanin madara ba, da kofi ɗaya, cokali ɗaya. Har a kan sikelin masu shinkafa na ɗora ta, kilo shida, ina ta yi wa abokan aiki dariya da buhunansu.

Rana ta biyu da azahar na zauna gindin wata tsamiya a bakin ruwa, na kunna murhun na dafa taliya. Babu kowa, ko tsuntsu. Kaɗaici ya ishe ni, sai na ɗaga kofin cikin wasa, ko bismillah ban yi ba, na ce, "Duk na kusa, a zo a ci!" Da na gama na saɓa jaka, na ƙara da cewa, "To, mu tafi."

Jama'a, tun daga nan jakar ta canza. Abinci ya ragu, ruwan gora ya ƙare, amma igiyoyin sai cin kafaɗata suke, ina tafe ina haki kamar mai dakon albasa. Sau biyu ina zazzage ta, kayana ne dai ba ƙari.

Da la'asar na tarar da wata dattijuwar Bafulatana mai fura. Ta dama mini, ta miƙo da ludayi biyu. Na ce, "Inna, ai ni kaɗai ne." Ba ni ta kalla ba, bayan kafaɗata ta kalla, ta ce, "Ɗana, wanda ka goyo fa, shi ba zai sha ba?" Sai ta ja ƙwaryarta ta yi gaba, ko waiwaye.

Tsoro ya kama ni, amma taurin kai ya hana ni yar da jakar, takardun aikina na ciki. A gaba akwai wata siririyar gada ta siminti, faɗin tafin ƙafa biyu, ruwa na gudu a ƙasa, ni kuma ban iya iyo ba. Ina kaiwa tsakiya na ji an ja ni baya, an kuma hura mini numfashi mai sanyi a wuya. Innalillahi! Na zame igiyoyin, jakar ta faɗa ruwa, ta nutse nan take kamar dutse.

Da rarrafe na haye. Na waiwaya, sai ga murhuna a ɗaya gaɓar, a kunne, da kofina a kai yana tururi. Murhun da na ɗaure da hannuna a ƙasan jaka.

Har yau ban san mene ne ba, kuma ban koma ba. Shawarata, in za ku doguwar tafiya ku auna jakarku tun a gida. In ta ƙara nauyi ba ku sa komai ba, ku ajiye ta. Kuma in kuna cin abinci ku kaɗai a daji, kada ku gayyaci kowa.